Surar Nasara a Dandalin Bori na Adar da Gobir Tudu

A zamanin da Faransawa suka ɗaura aniyar isa tafkin Cadi, masu zane na jaridun birnin Faris, musamman Le Petit Journal, sun kasance suna sawwara wa jama'arsu yaƙe-yaƙen da launi mai ɗaukar ido, hafsa a tsaye a tsakiya, mutanen ƙasa kuwa a cunkushe a gefe, ba suna ba asali. Har a shekarar 1899, sa'ad da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta karkashe mutanensa, musibar da mai zane ya ga ta cancanci alƙalaminsa ita ce kisan Bafaranshe Kanar Klobb, wanda Voulet ya sa aka harbe a ƙasar Tasawa cikin watan Yuli.

Mutanen Madawa da Buza da Keita, waɗanda mulkin Nasara ya tabbata a kansu bayan an karya Abzinawan Kel Geres a Galma cikin 1901, suka ɗanɗana lanho, da kuma aikin tilas wanda ya kai har 1946, ba su da jarida ko ma'aikatar ɗab'i. Amma sun adana surar mai mulkinsu a jikin ɗan Adam, cikin iskokin da ƴan bori ke kira Babule. Asalin al'amarin daga Kurfai ne, wajen 1925, inda wata mace mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan iskokin soja, kumandan Croccichia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai, sai ga shi da kansa ya shiga sahun iskokin da laƙabin Kumandan Mugu. Daga can abin ya bazu zuwa Arewa da Adar, ya bi ƴan ci-rani har Ankara (Accra), inda mai shirya fina-finai Jean Rouch ya ɗauki fim a kansu.

Idan aka kafa wasa da la'asar sakaliya, masu goge da ƙwarya suka juya kiɗa zuwa taken sojoji, sai ka ga dokin iska, wanda jiya manomin albasa ne a kwarin Magiya mai kunya da ladabi, ya sandare, idanu sun fito, kumfa na zuba daga bakinsa, ya ɗaura jan ƙyalle, ya buga ƙafa ya sara, yana daka tsawa da wani Faransanci kakkarye wanda ashar ya fi yawa a cikinsa. Wani ya riƙe bakin wuta yana goga wa jikinsa. Kowa da muƙaminsa, daga Gwamna zuwa Kafaran, ƙarami na rawar jiki gaban babba kamar yadda kakanni suka gani a bariki. A ganina wannan sura ta fi ta jarida gaskiya nesa ba kusa ba, domin wanda bulala ta sauka a bayansa ne ya zana ta.

Malamai sun daɗe suna inkarin bori, suna ƙirga shi cikin shirka da ragowar jahiliyya, kuma hujjarsu ta shari'a a fili take. Wa'azi ya sa wasan ya ja baya ƙwarai, ya koma ƙauyuka da bayan gari. Masu riƙe da shi har yanzu Babule suke nema idan ana zargin maita a unguwa ko cuta ta gagari magani, saboda sun yi imani cewa iskar da ke da zafin kumandan ita ce maye ke tsoro.