Manchester da Birmingham: Yadda jama'a suka fuskanci barazanar makaman ƙare dangi

 A yau shirin zai yada zango ne a ƙasar Birtaniya, a biranen Manchester da Birmingham, inda za mu duba wata tambaya mai tayar da hankali: idan wata ƙasa da ba kwa ga maciji da ita ta fito ta ce tana iya yi muku ruwan makaman nukiliya, shin me talaka zai yi? Kuma a cikin shawarwarin da hukuma kan ba shi, wacce ce ke da tushe a kimiyance, wacce ce kuma ta kwantar da hankali kawai? Sai ku gyara zama.

A ranar 27 ga watan Fabrairun 2022, kwanaki uku da fara yaƙin Ukraine, shugaban Rasha Vladimir Putin ya umarci rundunarsa mai kula da makaman nukiliya da ta zauna cikin shiri na musamman. Bayan wata biyu wani gidan talabijin na gwamnatin Rasha ya nuna taswira yana lissafin cewa makami mai linzami zai isa Landan cikin daƙiƙa 202. Ga matasan Birtaniya wannan sabon abu ne, amma ga dattawan Manchester da Birmingham tsohon zance ne ya dawo.

To me ya sa muka zaɓi waɗannan birane biyu? Dalili shi ne a cikinsu aka shuka irin wannan makami. A jami'ar Manchester ne a 1911 Ernest Rutherford ya gano cewa ƙwayar zarra tana da wata 'yar cibiya a tsakiyarta, inda kusan dukkan nauyinta ya taru. A jami'ar Birmingham kuwa, a watan Maris na 1940, wasu masana biyu da suka guje wa mulkin 'yan Nazi, Otto Frisch da Rudolf Peierls, suka yi lissafin cewa ɗan dunƙulen wani nau'i na yuraniyam mai lamba 235 ya isa a haɗa bam da jirgin sama zai iya ɗauka. A cikin gajeriyar takardar da suka miƙa wa hukuma sun yi gargaɗi iri uku: iska za ta kwashi gubar bam ɗin ta kashe fararen hula masu yawa, babu ginin da zai jure fashewarsa, kuma abin da zai fi hana abokin gaba amfani da shi shi ne ya san kai ma kana da irinsa. Ku riƙe wannan gargaɗi, za mu koma kansa.

Bayan da Tarayyar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin a 1949, aka shiga zamanin yaƙin cacar baka gadan-gadan. A ranar 5 ga watan Nuwamban 1956, lokacin rikicin mashigin ruwan Suez, firaministan Sobiyet Nikolai Bulganin ya aika wa takwaransa na Birtaniya Anthony Eden wasiƙa yana tuna masa cewa akwai ƙasashen da ke iya kai wa Birtaniya hari da rokoki. Gwamnati ta riga ta san abin da hakan ke nufi, don kuwa wani rahoton sirri da wani jami'i mai suna William Strath ya jagoranta a 1955 ya ƙiyasta cewa manyan bama-bamai goma na haidurojin za su hallaka mutane miliyan 12.

Martanin farko shi ne tonon ƙasa. A cikin shekarun 1950 an haƙa ramuka masu zurfin sama da mita 30 a ƙarƙashin tsakiyar biranen biyu, na Manchester ana ce masa Guardian, na Birmingham kuma Anchor. Sai dai fa mai sauraro, ba don jama'a aka haƙa su ba. Cibiyoyin wayar tarho ne aka ɓoye a ciki, domin hukumomi su ci gaba da magana da juna bayan hari, kuma sai a ƙarshen shekarun 1960 aka yarda a ambace su a fili. Kafin ma a gama aikin, bam na haidurojin ya riga ya fi ƙarfin abin da aka gina su su jure.

Martani na biyu shi ne gargaɗi. Makami mai linzami da aka harbo daga gabas, kafin na'urori su hango shi su tabbatar, abin da zai rage wa jama'a bai wuce kimanin minti huɗu ba. Babbar na'urar hangen sararin samaniya ta Jodrell Bank, mai faɗin mita 76, wadda ke kudu da Manchester, ita ma an ajiye ta cikin shirin wannan aiki a farkon shekarun 1960, kafin a buɗe tashar Fylingdales a 1963. Daga nan sai jiniya ta yi kuka a kan rufin gine-gine. Minti huɗu dai, ko alwala da salla raka'a biyu da kyar za su ishe ka.

Al'amarin ya kai intaha a 1980. Sobiyet ta girke sabbin makamanta samfurin SS-20, ƙungiyar tsaro ta NATO kuma ta yanke shawara a watan Disamban 1979 cewa za ta kawo na Amurka cikin Birtaniya. A watan Mayun 1980 gwamnati ta fitar da wani ɗan littafi mai suna Protect and Survive, wato ka kare kanka ka tsira. Littafin ya shawarci magidanci ya zauna a gidansa, ya shafa wa tagogi farin fenti, ya ɓalle ƙofofi ya jingina su da bango, ya jibga musu buhunan ƙasa da littattafai, ya shige ƙarƙashi da iyalinsa, sannan ya tanadi abinci da ruwan kwana 14. Mutane da yawa dariya suka yi, wasu kuma ransu ya ɓaci. To ko wa ke da gaskiya?

Bari mu duba abin da ke faruwa idan bam ɗin ya fashe. Kimanin rabin ƙarfinsa yana fita ne a matsayin bugun iska mai rusa gini, kashi ɗaya cikin uku zafi ne mai ƙuna, ragowar kuma tururin nukiliya ne, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, amma yana lalata jini da ɓargo. Bam ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945 ƙarfinsa ya kai na tan dubu 15 na nakiyar TNT. Wanda ake ce wa mai megatan ɗaya kuwa ya ninka shi fiye da sau 60. Irin wannan zai rusa yawancin gidaje har zuwa kilomita shida ko bakwai, ya kuma ƙone fatar mutumin da ke fili a nisan sama da kilomita goma. Ga wanda ke cikin wannan da'ira, a tsakiyar Manchester ko Birmingham, ƙofa da buhun ƙasa ba za su tsinana masa komai ba.

Amma ga wanda ke nesa, labarin daban ne. Idan bam ya fashe dab da ƙasa, yakan zuƙe ƙura da tarkace zuwa sama, su gauraya da burbushin nukiliya, sannan iska ta kwashe su ta zubar a wurare masu nisan ɗaruruwan kilomitoci, kamar dai yadda hunturu ke kawo ƙurar Sahara har cikin ɗakunan Kano da Maraɗi. Ƙarfin gubar wannan ƙura yana raguwa da sauri, bisa wata ƙa'ida da masana ke kira ta bakwai da goma: duk lokacin da sa'o'i suka ninka sau bakwai, gubar na raguwa sau goma. Wato bayan sa'a bakwai saura kashi ɗaya cikin goma, bayan kwana biyu kashi ɗaya cikin ɗari, bayan mako biyu kuma kashi ɗaya cikin dubu. Kun ga inda kwana 14 ɗin nan ya samo asali ke nan. Ƙasa da bulo masu kauri kuma suna tare tururin ƙwarai. Saboda haka shawarar ba shirme ba ce, laifinta shi ne ba ta fito ta gaya wa mazauna manyan birane cewa ba su take nufi ba.

Wannan ne ya harzuƙa kansilolin Manchester. A ranar 5 ga watan Nuwamban 1980, shekara 24 cif bayan wasiƙar Bulganin, majalisar birnin ta zartar da ƙudurin neman kada a ƙera ko a ajiye makamin nukiliya a cikin iyakokinta, ta zama birni na farko a ƙasar da ya yi haka. Mai sauraro na iya cewa ai makami mai linzami ba ya karanta allon da aka kafa a bakin gari. Haka ne. To amma ƙananan hukumomi sama da ɗari sun bi sahu, kuma da gwamnati ta shirya wani babban atisaye na ƙasa baki ɗaya mai suna Hard Rock a 1982, da yawansu suka ƙi shiga, dole aka soke shi. A 1983 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fitar da rahoto cewa asibitocin ƙasar duka ba za su iya ɗaukar waɗanda bam guda ɗaya mai megatan ɗaya zai jikkata ba. A watan Oktoban shekarar dubun dubatar mutane suka yi gangami a Landan. Hujjarsu ita ce abin da ba shi da magani, rigakafinsa ake nema. Masu goyon bayan gwamnati kuma suka ce makaman ne da kansu rigakafin. Idan kun lura, kowane ɓangare ya ɗauki wani yanki ne na gargaɗin da Frisch da Peierls suka rubuta a Birmingham shekaru 40 kafin nan.

Bayan ƙarewar yaƙin cacar baka an kwance yawancin jiniyoyin a farkon shekarun 1990, kuma a watan Afrilun 2023 Birtaniya ta gwada sabuwar hanyar gargaɗi ta wayar salula. A 2022 ma an ga wani salon martanin, inda jama'a a wasu ƙasashen Turai suka yi rububin sayen ƙwayoyin aidin. A nan akwai buƙatar hattara. Ƙwayar tana kare wata halitta guda ce tak da ke maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake ce wa maƙoƙo, ta hanyar cika ta da aidin mai kyau don kada ta zuƙi mai guba. Ba ta hana ƙuna, ba ta tare sauran tururin, kuma shan ta ba da umarnin likita ba na iya cutarwa.

Mu ma a Afirka ta Yamma wannan fargaba ba baƙuwa ba ce. A ranar 13 ga watan Fabrairun 1960, a tsakiyar hunturu, Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya. Da ta yi gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas a watan Janairun 1961. Daga bisani yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a 1996 ta kuma fara aiki a 2009, ta ayyana Afirka a matsayin nahiyar da ba a yarda da makaman nukiliya a cikinta ba, wato abin da Manchester ta nema wa birni guda, Afirka ta nema wa nahiya sukutum.

Saboda haka duk ranar da kuka ji wani shugaba yana barazana da waɗannan makamai, ku tuna cewa mai barazanar tsoronku yake nema tun kafin ya harba komai. Ku tambayi duk wata shawara da aka ba ku: daga wane ɓangare na haɗarin take karewa, bugun iska, ko zafi, ko ƙura mai guba? Kuma a wane nisa?

To jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya. Idan kuna da tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take, sai ku rubuto mana. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.