Uwargida, Wane Maiƙo Kike Ba Ƙwaƙwalwar Ɗanki?

An daɗe ana yi mana huɗubar rage maiƙo saboda ƙiba da hawan jini, har wasunmu suna ganin kowane maiƙo abokin gaba ne. To ki sani, in aka cire ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗanki, kusan kashi 60 cikin 100 na abin da ya rage maiƙo ne.

Kowace ƙwayar jijiya tana da wata siririyar fata da ta lulluɓe ta, ta nan saƙo yake shiga yake fita. Da maiƙo Allah Ya gina fatar nan, kuma ɗaya daga cikin mafi muhimmanci a cikinsa shi ne wanda likitoci ke kira DHA, daga dangin omega-3. Idan ya wadata, fatar takan yi laushi, saƙo ya wuce ba tangarɗa. A wajejen 2004 Farfesa Nicolas Bazan na Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa idan ƙwayar ta shiga matsi, takan ɓantaro DHA daga jikinta ta mai da shi wani sinadari mai kwantar da kumburi, wanda ke taimaka mata ta tsira. Kamar dai 'yar ajiyar da kike yi a ƙasan adaka saboda ranar buƙata. Wadda ba ta ajiye ba, me za ta ɗauko?

Lokacin da ajiyar ta fi taruwa shi ne watanni ukun ƙarshe na ciki zuwa shekara biyu da haihuwa, kuma daga jikinki yaron yake ja, ta mabiyiya sannan ta nono. Shi ya sa a 2008 masanan da hukumomin FAO da WHO suka tara suka ce mai ciki da mai shayarwa su riƙa samun aƙalla miligiram 200 na DHA a rana. A 2018 kuma ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 70, ta ga ƙarin omega-3 ga mai ciki yana rage haihuwar bakwaini.

A ina za ki same shi? Ba a man gyaɗa ba, duk da ƙaunar da muke masa, ba kuma a manja ba. Waken suya yana da ɗan uwansa, amma kaɗan ne jiki ke iya juyawa zuwa DHA. Gidansa shi ne kifin teku mai maiƙo, wato Titus da shawa da ake sayarwa a wajen masu kifin ƙanƙara, da sardin na gwangwani. Sau biyu a mako ya wadatar. Ƙwai ma yana da ɗan rabonsa, don haka a bar camfin nan na cewa yaro zai yi sata in ya ci.

Ke da ke Panshekara za ki ce ga kogin Challawa a bayan gida, me ya kai ki kifin ƙanƙara? Tarwaɗa da karfasa abinci ne mai kyau, sai dai ba su kai na teku DHA ba. Babban abin dubawa shi ne ruwan da suka sha. Shekara da shekaru ruwan dattin majemu da sauran masana'antun Challawa da Sharaɗa yana gangarawa kogin, kamar yadda na Bompai yake bin rafin Getsi zuwa Jakara, kuma bincike ya sha gano kuromiyam da dalma a waɗannan ruwaye. Ita dalma ƙwaƙwalwar yaro take fara taɓawa, wato daidai wurin da kike ƙoƙarin ginawa. Kada ki ji nauyin tambayar mai kifi daga inda aka kamo.

Sai girki. Da yawanmu sai kifi ya soyu ƙayau a man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. Wannan suya tana cinye wani ɓangare na maiƙon mai amfani, ta cusa lalatacce a madadinsa. Farfesu ya fi, ko gashi, ko ki sa shi a miya gab da saukewa.

Game da mantuwar tsufa da ke damun iyayenmu, an lura masu yawan cin kifi sun fi kuɓuta, amma gwajin ƙwayoyin man kifi bai nuna suna warkar da wanda ciwon ya riga ya kama ba. Duk mai tallar da ya ce miki yana da maganin mantuwa a kwalba, riƙe kuɗinki. Mai ciki kuma kada ta sha man hantar kifi sai ta tambaya a wajen awo, domin bitamin A ɗin cikinsa yana iya yi wa ɗan tayi yawa.

Na san kifi ya yi tsada, kuma a gidajenmu tsokar maigida ake zuba wa, yara su tashi da romo. Ki lallaɓa shi cikin hikima a sake rabo, ke mai ciki ko goyo da ƙaramin yaro ku sami naku yankan. Da zarar yaro ya cika wata shida, ki zare ƙaya tsaf, ki marmasa masa tsokar a cikin fate ko dankalin da kika dama.