Sabon tanki ne ya kashe tarwadar, ko baki ne?

A yankin Gwashi da Bukkuyum har Gummi, duk mai ɗan kiwon kifi ya san labarin. Mutum ya raini 'ya'yan tarwada a ƙaramin tamfol lafiya lau, ya tara kuɗi ya gina babban tankin siminti, ya kwashe su ya zuba. Kwana biyu ko uku sai ga su suna tasowa ciki sama. Nan take a ce baki ne, wani ya leƙa ya yaba bai ce tubarkalla ba, ko kuma mai sayar da irin ne ya yi ha'inci. Galibi kuwa mai laifin yana nan a bangon tankin. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa a cikin ruwa, ya ƙone fatar kifi da kunnuwan da yake shaƙar iska da su. Saboda haka masu cewa a jiƙa sabon tanki kafin a sa kifi sun yi gaskiya: a cika shi, a bar shi ya kwana biyu, a zubar, a goge bangon, a maimaita har tsawon makonni. Wanda ke shakka ya fara zuba kifi biyar ko goma ya ga yadda za su kwana.

Sai batun cewa kifi yana girma ne daidai da girman mazauninsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba bango ne ke hana shi girma ba. Cunkoso ne ke ɓata ruwa, kashin kifi da ragowar abinci su rikiɗe su zama amoniya, kifin ya daina cin abinci ya tsumbure. Babban tanki yana jinkirta wannan matsala ne kawai. Idan ba a canza ruwa, shi ma zai yi ɗoyi. Haka nan ƙarya ce a ce faɗin wuri zai hana tarwada cin 'yar uwarta. Waɗanda suka fi sauran girma za su ci gaba da haɗiye ƙanana ko a tafki aka saka su, don haka ranar sauya mazauni ita ce ranar tacewa, manya gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya.

Wadda ta fi jawo asara ita ce maganar cewa tarwada ba ta mutuwa da wuri, ko yaya aka ɗauke ta za ta kai. Hakika tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ake ganin ta a kasuwa cikin kwano da ɗan ruwa tana motsi, alhali karfasa da tuni ta sheƙa. Sai dai juriyar rashin iska daban, juriyar sauyin zafi daban. A ɗebo ta daga ruwan tamfol da rana ta gasa a jefa cikin ruwan da ya kwana yana shan sanyin hunturu, jikinta ba zai ɗauka ba, kuma mutuwar ba lallai ta zo a ranar ba. Abin yi shi ne a hana su abinci kwana guda kafin tafiya don kada su ɓata ruwan jarkar da za a ɗauke su a ciki, a yi aikin da sassafe ko da yamma, a riƙa tsiyaya ruwan sabon tankin cikin jarkar kaɗan-kaɗan na kamar rabin sa'a kafin a sake su. A kama su da jiƙaƙƙen hannu ko raga mai laushi, domin yauƙin nan na jikinsu shi ne rigarsu, in ya goge ciwo ya samu ƙofa.

Gishiri fa? Ɗan kaɗan yana rage wa kifin ruwan daɗi wahalar tafiya, wannan sananne ne. Amma masu kallon bidiyon akwatunan gilashi cike da murjani da kifaye masu launi su sani wancan ruwan teku ne, mai gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Tarwada ba za ta rayu a ciki ba. Abu ɗaya dai ya cancanci koyi daga masu waɗannan akwatuna: idan za su koma babban akwati sukan tafi da duwatsun da ke cikin tsohon, saboda a jikinsu ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniya suke zaune. Sabon mazauni ba shi da su tukuna, don haka a makon farko a rage abinci, a yawaita canjin ruwa. Zazzaga kafso na maganin mutane a tanki wai don rigakafi kuwa ɓarnar kuɗi ce, ba ya gyara ruwa, sai ma ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Akwai shawarar da ya kamata a toshe kunne daga gare ta a wannan yanki musamman, wato cewa tsohon ramin haƙar zinare ko kududdufin wankin ƙasa tafki ne na kyauta. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga yi wa yaran da suka kamu magani. Dalma ba ta ruɓewa, tana kwance a cikin laka, ga kuma sinadarin makuri da ake tsamo zinare da shi, wanda ke taruwa a naman kifi. Tarwada kuwa a ƙasan ruwa take kiwo. Kifin zai iya yin ƙiba, ya yi kyau a ido, kuma suya ko ƙyafewa ba sa fitar da abin da ke jikinsa.