Yanayi da Lokacin Barbara a Rayuwar Namijin Jemage

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin jemage, sai dai sanin bai wuce na ganinsa rataye a reshe kai ƙasa ba, ko kuwa jin hayaniyarsa da almuru. Har yau akwai masu ɗaukarsa tsuntsu, alhali kuwa dabba ce mai haihuwa da shayarwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda jikin namijin jemage yake sauyawa da sauyawar yanayi, da kuma dalilin da ya sa sanin haka yake da muhimmanci. Za a taƙaita bayani a kan jemage mai cin 'ya'yan itatuwa wanda masana suke kira Eidolon helvum, wato mai launin karan dawa, wanda akan gani dubbai a bisa manyan itatuwa a garuruwa irin su Ile-Ife da Akara da Kampala.

2.0 Siffar Namiji

Wannan jemage yana daga cikin mafiya girma a Afirka. Nauyinsa yakan kama daga giram 230 zuwa 350, faɗin fikafikansa kuwa yakan kai kimanin santimita 75. Ana bambanta namiji da tamata ta gashin wuya, domin na namiji ya fi turuwa, ya kuma fi ja. A ƙarƙashin gashin akwai wasu ƙullutai masu fitar da maiƙo mai wari, wanda jemagu suke amfani da shi wajen gane juna.

3.0 Sauyin Jiki a Shekara

Namijin jemage ba ya zama cikin shirin barbara iri ɗaya duk shekara. Yayin da lokaci ya gabato, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya saki sinadarai biyu cikin jini. Ɗaya yakan sa 'ya'yan maraina su samar da sinadarin mazakuta, wato testostiron. Ɗayan kuma yakan taimaka wa siraran bututun da ke cikinsu su ƙera ƙwayoyin maniyyi. Saboda haka sai marainan su ƙara girma da nauyi, ma'ajiyar maniyyi da ke manne da su ta cika. Bayan wucewar lokacin sai su sake ƙanƙancewa.

Binciken da F. A. Mutere ya gudanar a Kampala ta ƙasar Yuganda, wanda aka buga a 1967, ya nuna cewa nauyin maraina yakan kai matuƙa tsakanin Afrilu da Yuni, kuma a watannin nan ne ake barbara. A Nijeriya kuwa, Fayenuwo da Halstead sun yi nazarin jemagun Ile-Ife, suka buga sakamakonsa a 1974, inda aka ga barbara takan faɗo wajen Yuni da Yuli.

4.0 Dalilin Daidaituwar Lokaci

Ba za a fahimci lokacin namiji ba sai an dubi na tamata. Bayan barbara, ƙwan da maniyyi ya shiga ba ya manne wa mahaifa nan take. Yakan tsaya cik na wasu watanni. A Kampala sai wajen Oktoba yake mannewa, sa'an nan ciki ya ɗauki kimanin wata huɗu, a haihu a Fabrairu ko Maris. A Ile-Ife haihuwa takan zo wajen Maris da Afrilu. Ke nan daga barbara zuwa haihuwa akwai kusan wata tara, kuma ɗa ɗaya tak uwa take haifa a shekara.

Hikimar da ke cikin wannan jinkiri a fili take. Haihuwa tana zuwa ne a goshin damina, lokacin da 'ya'yan itatuwa suke shirin yawaita, ga uwa kuwa tana bukatar abinci don shayarwa. Shi ma namiji yana bukatar ƙoshi kafin ya iya ƙera maniyyi da yin gogayya da sauran maza. Jinkirin ya ba kowane ɓangare damar yin aikinsa a lokacin wadata. A ƙasashen sanyi tsawon yini ne yake sanar da dabbobi cewa lokaci ya yi, amma kusa da tsakiyar duniya tsawon yini ba ya sauyawa sosai, don haka manazarta suka fi danganta al'amarin da ruwan sama da yalwar abinci.

5.0 Abin da ke Cikin Haɗari

Jemagun nan sukan yi ƙaura, su bi damina zuwa arewa suna cin ɓaure da mangwaro da 'ya'yan ƙaɗanya, suna shan ruwan furen kuka da rimi da ɗorawa. Ta haka suke barbarar furanni, suke kuma watsa iri, musamman na itacen loko. Nazarin da aka yi wa jemagun Akara, wanda ya fito a 2016, ya nuna suna iya kai ƙananan iri nisan kilomita 75.

Duk da haka ana farautarsu ƙwarai. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta ana sayar da fiye da 128,000 a shekara a kudancin Gana kaɗai. Dabbar da ke haifar ɗa ɗaya ba ta saurin mayar da abin da ta rasa. Idan aka tarwatsa matattararsu a watannin barbara, haihuwar shekarar ce aka taɓa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka sanya su cikin jerin dabbobin da suke dab da shiga haɗari.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa shirin namijin jemage yana tafiya ne da yanayi, kuma ya dace da jinkirin da ke faruwa a mahaifar tamata. Duk mai son kare wannan dabba, da itatuwan da suka dogara da ita, wajibi ne ya san watannin barbara da na haihuwa a yankinsa, ya hana harbi da saran itatuwan kwanansu a cikin waɗannan watanni.