Tumatirin Da Bai San Ƙasa Ba

'Yan uwana mata, ko kun san akwai tumatirin da tun daga shuka har tsinka bai taɓa ƙasa ba? Wallahi akwai. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, shi ya fito da sunan wannan noma a 1937, bayan tumatirinsa na cikin ruwa ya kai tsawon ƙafa 25. Yau a Holan, cikin gidajen gilashi ake nomansa, saiwar na shan ruwan da aka narka wa taki.

To, ina sirrin yake? Yana ga ƙarfin ruwan, tamkar gishiri a miya. Suna da ɗan mita da suke tsomawa ya nuna lamba, kuma galibi tumatir tsakanin 2 da 3.5 yake so.

Idan ruwan ya yi salam, itacen sai ya yi zalalo, 'ya'yan su yi manya amma ruwa zalla. Kin san irinsa, wanda za ki markaɗa kwano guda ki yi ta ƙone itace, miyar ta ƙi kauri.

Idan kuwa aka ƙara ƙarfin, nan abin mamakin yake. Ki yanka tumatir ki barbaɗa masa gishiri, ai za ki ga ruwa na tsattsafowa. Haka saiwa take wahalar jan ruwa idan gishirin taki ya yi yawa. Sai 'ya'yan su fito ƙanana, jajaye, masu tsoka da zaƙi, don sukarin ya taru wuri guda. Wasu manoman da gangan suke yin haka, su sayar da tsada. Ni dai irin wannan nake so a tukunyata, amma fa ba a banza yake zuwa ba: daga lamba 2.5, kowace 1 da aka ƙara tana iya cinye kusan kashi 10 cikin 100 na amfanin. Ga kuma baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin tumatir, wanda ba tsutsa ba ce, sinadarin kalshiyam ne ya kasa isa can.

Mai sha'awar gwadawa a tsakar gida ta kula da bazara. Da zafi, shukar ruwa take zuƙewa ta bar takin, sai abin da ke cikin bokiti ya ƙara ƙarfi da kansa. A lokacin, ruwa zalla za ki ƙara, kada ki ƙara taki.