Telolin Hollywood

Musu a kan wane ne gwanin daraktocin fim na Amurka ba ya ƙarewa, kamar yadda mutanen unguwa ba sa haɗuwa a kan tela ɗaya. Tambayi maza biyar a majalisa wa ya fi iya ɗinki a gari. Wani zai ambaci wanda ba ya saɓa alkawari ko a jajibirin Sallah, wani ya ambaci mai aikin hannu da ke shafe wata uku a kan babbar riga guda, wani kuma ya ce shi dai wanda ɗinkinsa ke zama a jiki. Kowa da ma'auninsa.

Darakta a tsohuwar Hollywood, daga shekarun 1930 zuwa na 1950, tela ne a shagon wani. Yadin ba nasa ba ne. Kamfani irin MGM ko Warner Bros. ko RKO shi ke sayen labari, shi ke riƙe da 'yan wasa da kwantiragi, shi ke tsayar da ranar karɓar kaya. Abin da aka bar wa darakta shi ne awo da yanka: ina za a girke kyamara, wa zai matso kusa, yaushe za a yi shiru. A nan ake gane hannun mutum.

Masu son Orson Welles suna da hujja mai ƙarfi. Yana ɗan shekara 25 ya ɗauki Citizen Kane, wanda ya fito a 1941, kuma fim ɗin ya riƙe matsayi na ɗaya a ƙuri'ar masu sharhi ta mujallar Sight and Sound tun daga 1962 har 2002. Amma fim ɗinsa na biyu, The Magnificent Ambersons na 1942, yana can Brazil kamfanin RKO ya yanke masa fiye da minti 40, aka sauya ƙarshensa. Mai yadi ya karɓe riga kafin a gama, ya miƙa wa wani almakashi. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau, domin ƙyallayen da aka yanke ba a sake ganinsu ba.

Stanley Kubrick shi ne mai aikin hannu. Fim 13 kacal ya yi tsakanin 1953 da 1999, kuma babu zare ɗaya da ya fita layi a 2001: A Space Odyssey. Ina girmama aikinsa ƙwarai, sai dai rigunansa irin waɗanda ake ratayewa a yi ta kallo ne. Alfred Hitchcock kuwa haifaffen Landan ne, a 1939 ya koma Amurka, kuma Vertigo ɗinsa ne ya ture Citizen Kane a ƙuri'ar 2012. Sau biyar aka sa shi takarar Oscar ta darakta bai ci ba. Martin Scorsese ma sai a 2007 ya samu, bayan ya riga ya yi Taxi Driver da Raging Bull da Goodfellas. Saboda haka ba na yarda a kashe musun nan da ƙidayar kambu.

Ni John Ford nake zaɓa. Ya ci Oscar ta darakta sau huɗu, abin da babu wanda ya kamo, amma ba don wannan na zaɓe shi ba. Ford ya yi fim sama da ɗari daga 1917 zuwa 1966, galibi da yadin da kamfani ya kawo masa, a kan lokacin da aka ɗiba masa, kuma da ka ga hoto ɗaya ka san hannunsa ne: mutane ƙanana a ƙarƙashin sama mai faɗi, iyali a bakin ƙofa, wani yana tafiya ana bin sa da kallo. A The Grapes of Wrath na 1940, iyalin da fari da bashin banki suka kora daga gonarsu a Oklahoma suna loda komatsansu a tsohuwar mota za su California. Duk wanda ya taɓa ganin fari ya tashi gari zai gane fuskar uwar gidan nan ba tare da fassara ba.

Kuma telan ƙwarai ana gane shi da waɗanda suka koyi yanka a wurinsa. Welles ya yi ta maimaita kallon Stagecoach na 1939 lokacin da yake shirin Citizen Kane. Steven Spielberg ya rufe The Fabelmans na 2022 da ranar da ya shiga ofishin Ford yana matashi, dattijon ya koya masa inda ake ajiye layin da sama ta haɗu da ƙasa a cikin hoto.

Ɗinkin Ford yana da tabo. A fina-finansa na kaboyi da yawa, 'yan asalin Amurka mahara ne kawai marasa suna da ake harbewa daga kan doki. Ya yi ƙoƙarin gyara a Cheyenne Autumn na 1964, amma tabon bai fita ba.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi a musun ba, don ba a taɓa ba shi keke a shagon ba. Oscar Micheaux baƙar fata ne da ya nemi kuɗinsa da kansa, ya yi fim sama da 40 daga 1919 zuwa 1948, yana yawo da su gari-gari zuwa silimun baƙaƙe. Within Our Gates na 1920 ya nuna kisan gillar da ake wa baƙaƙe, shekara biyar bayan The Birth of a Nation na D. W. Griffith ya ɗaukaka 'yan Ku Klux Klan. Yawancin fina-finansa sun salwanta. Within Our Gates ɗin ma a Sifaniya aka tsinci kwafinsa, bayan an daɗe da fid da rai.