3.4 Ƙera Mazubin da Zai Kare Ƙwai daga Fashewa

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake gudanar da gwajin sakin ƙwai a darasin Fiziks, wato a ba ɗalibai ɗanyen ƙwai su ƙera masa mazubi, sannan a sako shi daga saman bene a ga ko zai tsira. A nan kuwa za a duba abubuwan da ya kamata mai ƙera mazubin ya yi la'akari da su.

Abin da ke fara zuwa zuciyar ɗalibi shi ne ya nemi abu mai ƙwari, kamar gwangwanin madara ko ɗan akwatin katako, a zatonsa ƙwarin mazubi shi ne kariya. Wannan kuskure ne. Gwangwanin zai sauka lafiya lau, amma da an buɗe sai a tarar ƙwan ya dagargaje, domin kuwa tsayawar farat ɗaya ita ce ke fasa ƙwai.

Ga misali. A ɗauka nauyin ƙwan kaza giram 60 ne, aka kuma sako shi daga nisan mita 5. Saboda janyowar ƙasa, zai iso ƙasa bayan kimanin daƙiƙa ɗaya, yana gudun kusan mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa ke nan. Tilas ne wannan gudu ya koma sifiri. Doka ta biyu daga cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta nuna cewa gwargwadon gajartar lokacin tsayawa, gwargwadon ƙarfin bugun da abu zai sha. Idan ƙwan ya tsaya cikin tazarar milimita 1, kamar yadda zai faru a kan daɓen siminti, matsakaicin ƙarfin bugun zai kai niyuton 2,900. Idan akwai abin da zai lotsa har santimita 2, bugun zai sauko zuwa kimanin niyuton 150. In kuwa lotsawar ta kai santimita 10, bai wuce niyuton 30 ba. Ƙwai ɗaya, nisa ɗaya, amma bambancin ya kusa ninki ɗari.

Ke nan aikin mazubi shi ne ya lotsa, ko ma ya karye, a madadin ƙwan. Saboda haka takardar da aka cukuikuye da soso da auduga da kara sun fi ƙarfe amfani a nan. Masu kai ƙwan zabi kasuwa daga karkara sun daɗe da sanin haka a aikace, shi ya sa suke shimfiɗa ƙaiƙayi ko dussa a ƙwarya kafin su jera ƙwai. Har ila yau, ƙaiƙayin yana rarraba bugun ga dukkan jikin ɓawon, maimakon ya taru a wuri guda.

Sai dai akwai inda ɗalibai ke yawan zamewa. Wani zai danƙara auduga har ta yi tauri kamar dutse, ta rasa wurin lotsawa. Wani kuma zai bar ƙwan yana kai-kawo a ciki, mazubin ya tsaya amma ƙwan ya ci gaba da tafiya har ya daki bango. A ganin mai wannan nazari, abin da ya fi dacewa shi ne mazubi mai hawa biyu: na ciki ya riƙe ƙwan gam, na waje kuma ya zama mai saurin lotsawa. A kuma guji yawan nauyi, tunda duk abin da aka ƙara sai abin lotsawar ya tare shi.

Wani batu mai muhimmanci shi ne yadda za a ajiye ƙwan. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa ƙwai ya fi ƙarfi a tsaye, don haka a sa ya sauka ta tsininsa ko ta gindinsa. Amma a shekarar 2025 wasu masana na Cibiyar Fasaha ta Masacusets da ke Amurka sun saki ƙwai 180 daga nisan milimita 8 zuwa 10, inda suka gano cewa waɗanda suka faɗi a kwance sun fi tsira. Da suka matsa ƙwai a hankali kuwa, sai suka ga ƙarfin da ke fasa shi kusan ɗaya ne ko a tsaye ko a kwance, wato kimanin niyuton 45, illa dai na kwance yana ɗan lanƙwasa sosai kafin ya tsage. Don haka ya kyautu malami ya sa ɗalibai su gwada hanyoyin biyu, su rubuta abin da suka gani da idonsu.

Game da laimar leda da wasu ke ɗaura wa mazubi da zare, lalle tana rage gudun faɗuwa. Amma daga nisan mita 5 lokacin kaɗan ne, sau da yawa kafin ta gama buɗewa mazubin ya riga ya kai ƙasa.